Da ruwan ciki ake jan na rijiya: birged-birged na tallafi da yaƙin zamani

Duk ranar da labari ya iso Legas cewa an afka wa wani sansanin soja a Borno ko Yobe, hirar teburin mai shayi a Agege da Idi-Araba ba ta cika wuce tambayoyi uku ba: sojoji nawa ne a wurin, me ya hana jirgi zuwa, ina kuma tankokin da aka ce an sayo. Da wuya ka ji wanda zai tambayi yaushe rabon da tankar dizal ta isa sansanin, ko wane hafsa ne ke da alhakin hanyar da za a bi a kai musu ɗauki. Alhali sau da yawa a nan gizo ke saƙa. Manyan rundunonin duniya sun daɗe da gane haka, shi ya sa a shekaru ashirin ɗin nan suka yi ta sake fasalin sojojin da ke bayan fage fiye da na bakin daga. Daga cikin abin da wannan sauyi ya haifar akwai birged ta tallafi mai ayyuka iri-iri, wadda ke tara sana'o'i daban-daban ƙarƙashin kwamanda guda.

Bataliya kan ƙunshi sojoji ɗari biyar zuwa takwas ko fiye da haka kaɗan. Bataliya uku zuwa biyar su ne birged, wato mutum 3,000 zuwa 5,000 idan ta cika. Birged-birged kuma su haɗu su ba da dibishin, irin ta 81 da hedikwatarta ke Victoria Island, wadda Birged ta 9 da ke barikin Ikeja ke ƙarƙashinta. To, ɗauki birged mai mutum 4,000 ka aje ta a daji lokacin bazara. Ko lita 10 kacal na ruwa ka ba kowane soja a yini, na sha da girki da alwala, kana neman lita 40,000 kullum. Direbobin tanka na Apapa sun san cewa cikin tanka ɗaya lita 33,000 ne, ke nan tanka guda ba ta kashe ƙishin yini ɗaya. Tankar yaƙin Amurka samfurin Abrams tana shan kusan lita 1,900 kafin cikinta ya cika, don haka wannan babbar tankar mai da muke gani tana tare hanya a Ijora, tankokin yaƙi 17 kawai za ta cika ta koma wayam. Ƙwayar igwa mai faɗin milimita 155 ta haura kilo 40, kuma igwa guda na iya cinye gommai a rana. Ba a zo maganar taya da batir da magani da buhunan shinkafa da ɗaukar wanda ya ji rauni ba tukuna.

A tsohon tsarin sojan Amurka, dibishin ita ce uwa. Komai nata ne: igwoginta, injiniyoyinta, rundunarta ta jigila da gyara. Idan ana son tura birged ɗaya wani wuri, sai an tsakuro mata wannan daga nan, wancan daga can, a bar uwar da giɓi. Tsarin ya dace da yaƙin da aka yi shekara arba'in ana jira da Tarayyar Sobiyet a filayen Jamus, inda akwai gaba akwai baya, kuma wanda ke baya yana iya barci da munshari.

Iraƙi ce ta ɓata wannan lissafi. Ranar 23 ga Maris 2003, wani ayarin kanikawa da masu girki da 'yan sito na kamfanin gyara mai lamba 507 na sojan Amurka (kamfani a soja rukuni ne da ke ƙarƙashin bataliya), mutum 33 cikin motoci 18, ya ɓata hanya ya faɗa cikin garin Nasiriyya. An kashe 11, an kama 7, cikinsu har da Jessica Lynch da sunanta ya cika duniya. Bindigogin da dama daga cikinsu sun ƙi tashi saboda rairayi da rashin kula, domin mutane ne da aka horar a kan ba su ne masu faɗa ba. Daga baya kuma, da yaƙin ya rikiɗe ya koma na sari-ka-noƙe, bama-baman da ake binnewa a gefen titi suka mayar da direban tanka mutumin da ya fi kowa zama cikin haɗari. A wannan yanayi ne Janar Peter Schoomaker, wanda aka dawo da shi daga ritaya a 2003 ya shugabanci sojan ƙasa, ya rushe tsohon gini, sabon tsari ya kankama a 2004. Birged ta zama ita ce tubalin yaƙi, kowace da nata bataliyar tallafi a jikinta. Abubuwan da suka fi ƙarfin birged ɗaya kuwa aka tattara su cikin birged-birged na tallafi iri biyar, waɗanda za a iya jona wa kowace dibishin gwargwadon aikin da ke gabanta.

Uku daga ciki ba su buƙatar dogon bayani. Akwai ta jirage masu saukar ungulu, mai jirgi sama da ɗari, Apache na kai hari, Black Hawk da Chinook na ɗaukar mutane da kaya. Akwai ta igwa da rokoki masu cin dogon zango, inda motar harba rokoki ta HIMARS take. Akwai ta leƙen asiri da sa ido, wadda ba ta yi dogon kwana ba a sifarta ta farko. Sauran biyun ne suka fi shafar mu.

Ta farko ita ce birged ta guzuri. Abin mamaki game da ita a tsarinta na farko shi ne, a takarda kusan fanko ce. Abin da ta mallaka na dindindin bai wuce hedikwata da 'yar bataliyar da ke kula da hedikwatar ba. Sauran duk jone ne: bataliyoyin da ake haɗawa daga kamfanin manyan motoci, kamfanin mai, kamfanin albarusai, masu tace ruwa, kanikawa, 'yan biyan albashi, masu kai wasiƙa, har da masu kula da gawa. Idan aikin na hamada ne a ƙara masu ruwa da mai, idan na tashar jirgin ruwa ne a ƙara masu sauke kaya. Ƙarfinta yana cikin hafsoshin hedikwata, waɗanda aikinsu dare da rana shi ne lissafi: kwana nawa man da ke hannun kowace bataliya zai kai, wace mota ce ta mutu don rashin wane ƙarfe, wace hanya ce a buɗe. Kaya na tashi daga tasha zuwa birged ta guzuri, daga nan zuwa bataliyar tallafi ta birged mai faɗa, daga nan zuwa ƙaramin kamfanin da ke manne da kowace bataliya. Ƙa'idar ita ce kada kwamandan da ke bakin daga ya waiwayo yana roƙo. A turo masa tun kafin ya buɗe baki.

Ta biyun, wadda zan kira birged mai riƙe baya, ita ce a ganina mafi fasaha cikin duka biyar ɗin. Injiniyoyi ne da 'yan sandan soja da masu maganin makamai masu guba da masu kwance bam a inuwa ɗaya, kuma in an ga dama a ba ta bataliyar mayaƙa ta riƙe a matsayin sandar duka. Abin da ya bambanta ta da 'yan uwanta shi ne ana yanka mata ƙasa a taswira a ce nan nata ne, duk abin da ya faru a ciki kwamandanta za a tuhuma.

A ƙaddara ayarin motoci 40 ya taso da asuba ɗauke da dizal da albarusai. Da hantsi motar gaba ta tsaya, domin an fasa kwalbatin da ke kan wani rafi cikin dare, ga kuma ƙasa sabuwar tono a gefen kwalta. A inda kowace sana'a ke da nata ubangida, kwamandan ayarin zai kira hedikwatarsa, ita ta nemi injiniyoyi daga wani ofis, masu kwance bam daga wani, 'yan rakiya daga bataliyar da ke kusa, wadda ita ma za ta ce sai ta ji daga sama. Kafin takardu su gama zagaye la'asar ta yi, motoci 40 na jere a fili cike da mai, kowa a ƙauyukan kewaye ya gan su, kuma wanda ya binne bam ɗin dama abin da yake jira ke nan. A inda akwai birged mai riƙe baya, kira ɗaya ne. Masu kwance bam su zo tare da injiniyoyi da motar shimfiɗa gadar ƙarfe, 'yan sandan soja su tsayar da motocin farar hula nesa su karkatar da wutsiyar ayarin, mayaƙa su hau tudun da ke kallon rafin. Mutanen nan duk sun san juna, rediyonsu ɗaya, kuma kwamandansu ya san idan ayarin ya kwana a nan, sunansa ne zai ɓaci. Ba wani sabon makami a cikin labarin. Bambancin kawai an san mai hanya.

Sai dai tsarin bai zo ba tare da nasa ciwon ba, kuma Amurkawan da kansu ne suka fara kuka. Zanen aro ba ya rufe katara. Kwamandan birged ta guzuri kan sauka a Iraƙi ko Afganistan ya tarar da kamfanoni daga barikoki goma daban-daban, waɗanda bai taɓa atisaye da su ba, wasu za su koma gida bayan wata uku wasu kuma yanzu suka zo. Kwamandan dibishin kuma ya ga masu ciyar da shi ba yaransa ba ne. Igwa ta fi kowa shan wahala: da aka rarraba ta cikin birged-birged, ƙwarewar haɗa wutar igwogi masu yawa a kan wuri ɗaya ta dusashe. Shi ya sa daga 2014 aka dawo da hedikwatar igwa ta dibishin, a 2015 aka fara ɗaura kowace birged ta guzuri a ƙugun dibishin guda, daga bisani har sunan dibishin ta ɗauka. A shekarar 2015 ɗin ce kuma aka rufe birged-birged masu riƙe baya na sojan dindindin da ke Fort Polk da Fort Leonard Wood, saura suka rage a hannun dakarun jihohi da na ko-ta-kwana, inda suke amfani sosai lokacin guguwa da ambaliya. Wanda ke son kwaikwayon Amurka ya kamata ya kwaikwayo har da gyaran da ta yi, kada ya ɗauko zanen 2004 ya ce ya samo sabon abu.

Rasha ta nuna ɗaya fuskar. Ita ma tana da birged-birged na kaya da gyara, kusan guda ga kowace babbar runduna, amma an gina su ne a kan dogaro da jirgin ƙasa, motocinsu ba su da yawa. A Nuwamba 2021, wata uku kafin a shiga Yukren, wani hafsan Amurka mai suna Alex Vershinin ya yi lissafin cewa da zarar sojan Rasha ya yi nisan mil 90 daga tashar jirgin ƙasa, kimanin kilomita 145, motocinsa ba za su iya ciyar da shi yadda ya kamata ba. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2022 duniya ta ga ayarin nan mai tsawon kusan kilomita 64 a arewacin Kiyeb, ya cije a kan hanya kwana da kwanaki, ga ƙarancin mai, ga tayoyi na fashewa, ga taɓo ya hana sauka gefe. A watan Mayu kuma aka yi musu ɓarna mai yawa wajen ƙoƙarin ƙetare kogin Siverskyi Donets kusa da Bilohorivka, inda igwar Yukren ta same su cunkushe a bakin gadar wucin gadi. Da HIMARS ya iso a watan Yuni ya fara cin rumbunan albarusai, dole suka ja rumbunan baya, tafiyar kowace mota ta ƙara tsawo. Sun koyi darasi daga baya, gaskiya, amma da tsada.

Mu a nan Legas ba ma buƙatar a yi mana dogon turanci a kan katsewar hanya. A ƙarshen Fabrairu 2021, da fataken abinci da shanu suka tsayar da lodi zuwa kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ana tare tireloli a wajen Jebba, kwanaki kaɗan aka yi kwandon tumatir ya gagari mai ƙaramin ƙarfi a Mile 12, mahautan Oko-Oba suka zauna suna kallon juna. Ba wanda ya taɓa kasuwar Mile 12, ba wanda ya taɓa 'yan kasuwar. Hanya kawai aka riƙe. Sansanin soja a Damasak ko Marte haka yake, sai dai shi idan hanyarsa ta katse, abin da ke ƙarewa harsashi ne.

Kuma bakin wannan hanya a Legas yake. Manyan kayan yaƙin da ake shigowa da su ta ruwa, da yawansu a tashoshin nan suke sauka, sannan su kama tafiyar sama da kilomita 1,500 zuwa Maiduguri, a kan titunan da ruwan sama na dare ɗaya ke iya yankewa, kamar yadda ya tafi da gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba a Yunin 2017. A garin nan kuma aka ga abin da sakaci da rumbun makamai ke jawowa: ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 ma'ajiyar barikin Ikeja ta kama da wuta, mutum fiye da 1,000 suka mutu, akasarinsu a magudanar Oke-Afa suna gudun tsira cikin duhu. Adana albarusai, raba tsoho da sabo, nisanta su da gidajen mutane, duk aikin sojan tallafi ne, irin aikin da ba a tuna shi sai ranar da ya lalace.

Ba a ce sojan Najeriya ba shi da waɗannan sana'o'i ba. Yana da su tun fil azal. Akwai injiniyoyi da makarantarsu a Makurdi, 'yan sadarwa da tasu a Apapa, kwalejin koyar da harkar guzuri da jigila a Ojo, babban asibitin soja na 68 a Yaba, ga sashen makamai, ga na sufuri da abinci, ga kanikawa, ga 'yan sandan soja masu jar hula. Olusegun Obasanjo injiniyan soja ne, Muhammadu Buhari ya taɓa riƙe sashen sufuri da kayan abinci a tsakiyar shekarun 1970. Tarihin ma ya wuce nan. Lambobin 81 da 82 da dibishin ɗin Legas da ta Enugu ke ɗauke da su suna tuna rundunonin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Burma, inda kakanninmu da yawa suka je. A kwarin Kaladan a 1944, jiragen sama ne ke jefo wa dibishin ta 81 guzuri, rukunonin 'yan dako da aka tsara cikin rundunar su ɗauka a ka su ratsa dajin da mota ba ta shiga, kuma su ne suka sare hanyar jif ta sama da kilomita 100 da gatari da diga. An tsara tallafin ne daidai da ƙasar da za a yi faɗa a cikinta.

Abin da nake ganin ya yi ƙaranci yau shi ne haɗin. Kowace dibishin tana da injiniyoyinta da 'yan sufurinta da 'yan makamanta, amma kowa a layin sana'arsa, kowa na kallon hedikwatar sashensa don ƙarin girma da canjin wurin aiki. Hanya kuwa, wadda ita ce ran yaƙin arewa maso gabas, ta kan zama ta kowa, wato ba ta kowa ba. Bayan abin da ya faru a Metele a Nuwamba 2018 da sauran ƙananan sansanonin da aka mamaye, a 2019 soja ya tattara dakarunsa cikin manyan sansanoni masu wuyar fasawa. Dabarar ta rage asarar sojoji, amma ta bar tsakanin sansani da sansani a buɗe. Daren 9 ga Fabrairu 2020, matafiya suka iso Auno bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri, suka kwanta cikin motocinsu a bakin titi, maharan suka zo suka kashe aƙalla mutum 30 suka ƙona motoci. Duk wanda ya taɓa hawa doguwar bas daga Legas zuwa Maiduguri ya san fargabar kada yamma ta riske shi bayan Damaturu. A Janairun 2021 kuma aka tarwatsa turakun wutar lantarki a kan wannan layi, birnin ya daɗe cikin duhu. Rufe ƙofa a kan lokaci aikin wani ne, tsaron waɗanda aka rufe a waje aikin wani ne daban, gyaran turaku kuma na wani can. Irin wannan giɓi ne aka ƙirƙiro birged mai riƙe baya don ta toshe.

Na san abin da za a ce. Za a ce sojojin ba su isa ba, ana faɗa a Zamfara da Katsina da Neja da kudu maso gabas lokaci guda, ina za a samo mutum 3,000 a ba hanya. Hujja ce mai nauyi, sai dai mutanen nan suna kan hanyar tuntuni, a shingaye da rakiyar ayari, a warwatse kawai suke. Za a kuma ce sabuwar hedikwata sabuwar kafar cin kuɗi ce, domin a harkar mai da abinci da kayan gyara ne kuɗin soja ya fi zurarewa a ko'ina a duniya. Wannan ma gaskiya ne, kuma zane a takarda ba ya maganin ɓarawo. Amma idan kwamanda ɗaya ne ya sa hannu ya karɓi dizal kuma shi ne zai amsa tambaya ranar da motoci suka tsaya, bin sawu ya fi sauƙi a kan inda ofis biyar ke nuna wa juna yatsa.

Akwai kuma abin da ko Amurka ba ta gama warwarewa ba. Jirage marasa matuƙi masu arha sun sa duk wani babban sito ko dogon ayari ya zama abin farauta, kuma ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ta fara amfani da su. Ke nan dole birged ta tallafi ta gobe ta rarraba kayanta ƙanana-ƙanana, ta riƙa sauya wuri, ta sami masu toshe siginar jiragen da masu harbo su a jikinta, sana'o'i biyu da ba su cikin lissafin 2004.

Da za a gwada, ba sai an taɓa tsarin rundunar gaba ɗaya ba. Hanyar Damaturu zuwa Maiduguri kimanin kilomita 130 ce. A ba birgediya ɗaya ita da dajin da ke gefenta, da bataliyar injiniyoyi, da masu kwance bam, da 'yan sandan soja, da bataliyar mayaƙa mai motoci masu jure nakiya, da kanikawansu, a bar su tare aƙalla shekara biyu ba a tsakure masa kowa ba. Wurin da maganar za ta cije shi ne Abuja, domin sai shugaban kowane sashe ya yarda ya saki yaransa da kasonsa na kasafi ga hafsan da ba ɗan sashensa ba, sannan hukumar ƙarin girma ta yarda cewa wanda ya riƙe hanya shekara biyu ba a ƙona mota ko ɗaya ba ya cancanci tauraro daidai da wanda ya ƙwato gari.